Yadda Na Zama Waliyyin Goɗiya

Shekarun baya, lokacin da nake ji da kaina a harkar dillanci a Kubwa, na taɓa zama waliyyin amarya. Kafin ku fara turo min "Allah ya sanya alheri", ku dakata. Amaryar ƙafa huɗu gare ta, ga wutsiya har ƙasa.

Waɗanda suka san ni sun san jarina baki ne. Gida, fili, mota, tsohon janareto, duk abin da ka kawo zan samo masa mai so. Na taɓa kai mutum ganin fili a kan dutse, ya ce ina zai yi gini, na ce masa iskar wurin yake saya, dutsen kyauta ne. Ya saya kuwa, har yau muna gaisawa.

To ina da wani aboki, ɗan Gbagyi ne, manomin doya a wani ƙauye bayan Karshi. Shi coci, ni masallaci, amma kwanon sakwara ɗaya ke haɗa mu. Mutum ne mara magana. In ka zauna da shi wuni guda, abin da zai faɗa bai kai gaisuwata ta safe ba. Shi ya sa muke shiri, domin ni ba na son a katse ni.

Gidansu na da wani abu da babu a duk yankin. Kakansa ya taɓa sayen goɗiya a hannun wasu fatake. Ta haifi 'ya, ta zama ta babansa. Ita ma ta haifi 'ya, ita ce ta hannun abokina. Turken gidan bai taɓa zama babu doki ba, har in baƙo ya zo ƙauyen yana nemansu, kwatancen da ake masa ke nan. Amma goɗiyar nan shekaru sun ja mata, kuma ba ta da 'ya. Abokina ya yi yawon neman namiji har ya gaji. Dawakan yankin sun ƙare, wuraren kiwo duk an zagaye su da katanga an rubuta sunan estet, wato rukunin gidajen sayarwa. In ta mutu a haka, abin da aka faro tun kakansa a hannunsa zai tsaya.

Wata rana muna zaune muna cin sakwara ya ce, "Ni ba na son a ce a lokacina ne ya ƙare."

Da ya yi jimla mai tsawon haka na san abin ya kai masa wuya. Na buga ƙirji na ce, "Miji kake nema mata? Ka zo gidan dillali. Kuma ba kowane miji ba. In za a yi, da Sai Gobe za a yi."

Ya ce, "Waye shi?"

Jama'a, na kusa shaƙewa da loma. Sai Gobe dokin sukuwa ne, kuma a zamaninsa babu na biyunsa. Baƙi wuluk, dogo, ƙafafu kamar an auna da ma'auni aka yanka. Sunan ma 'yan kallo ne suka raɗa masa, domin in ya wuce doki a fili, to sai dai su gaisa washegari. Ya yi gudu a Kano, ya yi a Kaduna, ya yi a Katsina da Bida, duk inda ya je da kofi yake dawowa. Na taɓa ganinsa da idona. Aka saki dawaki, na sunkuya in ɗauki gyaɗata da ta faɗi, na ɗago na tarar ana goge masa gumi. Gudunsa na ƙarshe ma da ciwo a ƙafa ya ƙarasa, kuma duk da haka na bayansa ƙurarsa ya sha. Daga nan likitan dabbobi ya ce ya isa, aka yi masa ritaya.

Mai shi wani Alhaji ne, tsohon babban sakatare a wata ma'aikatar tarayya, shi ma ya yi ritaya. Ni na samo masa filin gidan gonarsa a hanyar Gwagwalada, don haka ina da fuska a wurinsa. Mutumin kirki, amma kada ka kuskura ka tambaye shi asalin dokin nan in kana sauri. Zai fara maka daga uban, wanda aka sauko da shi daga jirgi daga Ajantina. Ya koma kan uwar, 'yar Afirka ta Kudu, wadda ita ma ta ci tsere kafin ta fara haihuwa. Ya haura kakanni, ya haura kakannin kakanni, har sai ya dangana da wani dokin Larabawa da Turawa suka kai ƙasarsu tun ba a ƙirƙiro mota ba. Ni da nake ɗan Adam, daga kakan babana lissafi ya ɓace min.

Matsalar ita ce, na ji labarin ƙarshen watan za a mayar da Sai Gobe garinsu Alhaji can arewa mai nisa, wai danshin Abuja na tayar masa da ciwon ƙafar. In ya tafi, ya tafi ke nan.

Na ce wa abokina ba za mu je hannu rabbana ba. Manya da yawa sun roƙi Alhaji ya ba su irin dokin nan ya hana. In muka je da roƙo, layi za mu bi. Don haka neman aure za mu je, da goro da alewa, yadda ake yi. Na saka babbar rigata ta Juma'a, na karya hula. Shi kuma ya ɗauko doya manya-manya, irin waɗanda in ka ga ɗaya a duhu za ka yi mata sallama.

Muka tarar da Alhaji a rumfar gidan gona yana shan shayi. Na durƙusa, na ajiye goro, na gyara murya.

"Ranka ya daɗe, mun zo neman iri ne. 'Yarmu ta ga ɗanku ta ce ba ta da miji sai shi."

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Kai dillali, yau kuma me ka zo sayar min? Tun yaushe dangin mace ke zuwa neman aure?"

"Ranka ya daɗe, Abuja ce. Komai ya canza."

Ya yi dariya ya ce to in faɗi asalinta. Nan fa na buɗe famfo. Na ce kakarta daga Sudan ta zo da ƙafarta, ba ta yarda an sa ta a mota ba. Na ce uwarta ta taɓa yin tsere da babur daga Karshi zuwa Nyanya, ta isa ta sha ruwa ta huta kafin mai babur ya iso. Na ce ita kanta wannan, in tana gudu, kaji a ƙauyen sai sun kwana biyu ba su yi ƙwai ba.

Alhaji ya bar ni na gama tsaf, sannan ya juya wurin abokina. "Malam, kai ne mai ita? To faɗa min gaskiya, wannan bakinsa ba shi da birki."

Abokina ya sunkuyar da kai ya ce, "Oga, ba shi da takarda. Doya yake ɗauka. Amma mamansa na babana ne, kakansa na kakana ne. Shi kaɗai ya rage."

Hausar abokina ba ruwanta da mace ko namiji, amma Alhaji ya gane. Ya juya cokali a kofi. Can ya ce ya hana sanatoci, ya hana 'yan kasuwa, domin duk so suke su samu ɗan da za su yi alfahari da shi a kulob. "Amma kai asali ka kawo min. Guntu ne, amma ka san shi." Ya ciro waya ya duba kalandarsa. "Asabar mai zuwa, sha ɗaya na safe. Ku kawo ta."

Sai na ji ana jan gefen rigata. Abokina ne, yana raɗa min, "Bai shirya ba. Asabar bai yi ba."

Na taka masa ƙafa, na ɗaga murya na ce, "Asabar ta yi, ranka ya daɗe! Ko yau ka ce, a shirye muke!"

A mota ya yi min bayani. Wai goɗiya tana da lokacinta. Kwanaki kaɗan ne take karɓar namiji, in sun wuce sai an jira makonni, kuma nata bai daɗe da wucewa ba. Na ce, "Kai, ka san wanda ya ba ka Asabar kuwa? Mutumin da daraktoci ke kwana uku a ƙofar ofishinsa ba su gan shi ba! Shi za ka ce wa ya canza rana saboda madam ba ta cikin yanayi? In ta ga Sai Gobe da idonta, lokacin zai zo da kansa. Ni nan da kake gani, namiji ne, amma in na kalle shi sai na ji wani iri."

Ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin, da na san abin da ke cikinta, da na sauka daga motar.

Ranar Asabar muka yi wa amarya wanka da sabulu, muka taje mata geza, na shafa mata man kaɗanya a kofato har tana ƙyalli. Muka yi hayar motar ɗaukar shanu. Muna isa gidan gona na ga abin da ban zata ba. Alhaji ya kafa rumfa. Ya jera kujeru. Ya gayyato abokansa na sukuwa, manyan mutane masu manyan tumbi, ga mai suya a gefe yana fifita wuta, ga mai hoto. Ashe shi ma bai taɓa haɗa dawaki ba. Saye kawai yake yi, a kai fili, a ci kofi. Shi a ganinsa abin kamar buɗe sabon ofis ne, a yanka kirtani a tafa.

Aka sauko da amarya. Kusa da motocin wurin sai ta koma kamar tsohuwar jaka, amma ta tsaya ƙyam tana kallon kowa ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da uwar miji ke yi wa kayan ɗaki.

Sai mai kula da barga ya fito da Sai Gobe. Allahu Akbar. Yana taku yana rangaji, wuya a lanƙwashe, fata na sheƙi. Ya hango ta, ya yi wata haniniya da ta sa mai suya sakin wuƙa. 'Yan rumfa suka hau tafi. Ni kuwa na miƙe ina kirari: "Angon bana! Na Ajantina ba ka da makwafi!"

Ya matso. Ya miƙa hanci zai shinshina ta. Na ga ta kwantar da kunnuwa baya. Abokina ya ce a hankali, "Yawwa, ga shi nan." Ta juya masa baya kamar mai jin kunya, na ce a raina an gama. Sai ji muka yi tim! Ƙafa biyu ta haɗa ta zuba masa a ƙirji.

Wallahi Sai Gobe bai tsaya neman bayani ba. Ya fizge igiya, ya juya, ya nufi barga. Na ga gudunsa a Kaduna, amma na rantse wannan ya fi. Likitan da ya ce ƙafarsa ta lalace, da yana wurin da ya mayar da takardar shaidarsa.

Rumfa ta kece da dariya. Wani mai ƙaton rawani yana share hawaye yana cewa, "Alhaji, ashe da ma duk kofunan nan tsoro ne ke kawo su? Wa ke bin sa a baya a Kano?" Wani ya ce a tambayi mai hoto ko ya samu ɗauka.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya tashi ya shiga barga, ya daɗe yana shafa ƙirjin dokinsa yana duba ƙafar. Da ya tabbatar lafiya lau ne, ya fito fuska a murtuke ya ce, "Ku ɗauke ta. Yanzu."

Na dubi abokina. Yana tsaye riƙe da igiyar goɗiyarsa, yana shafa mata wuya. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta faɗi haka ba. Ni na ja shi, ni na toshe masa baki, ga shi zai koma Karshi da tsohuwar goɗiya da dariyar manya. Na ce a raina, bakin nan da ya ɓata, shi zai gyara.

Na cire hula na durƙusa a tsakiyar fili.

"Ranka ya daɗe, a ba waliyyi minti ɗaya. Ina tambayar manyan da ke rumfar nan, don Allah wanda amaryarsa ta yi masa magana ranar farko ya ɗaga hannu."

Babu wanda ya ɗaga hannu. Mai rawanin nan ya ce, "Ni sai da na yi sayen baki har sau biyu."

Na ce, "To kun ji! 'Yar mutunci muka kawo, mai tarbiyya. Yarinya ta taso a ƙauye, an kawo ta gaban surukai, ga mai hoto, ga mai suya, ango ko sallama bai yi ba ya kai hanci. Ranka ya daɗe, da ta amsa a nan, ni da kaina zan ce a binciki tarbiyyarta. Kuma a duba wani abu. Duk dawakan ƙasar nan, wa ya taɓa sa Sai Gobe ya canza hanya? Ita kaɗai. Yanzu a haɗa wannan zuciyar da waccan ƙafar, me za a haifa?"

Na ga gefen bakin Alhaji ya motsa, amma ya danne. Ya ce, "Surutu ne. Malam, kai faɗa min. Me ya sa ta harbe shi?"

Abokina ya ce, "Oga, lokacinsa bai yi ba. Sai nan gaba."

"Ka san haka tun ranar da kuka zo?"

"Na sani."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Oga ya ce Asabar."

Sai Alhaji ya fashe da dariya, irin wadda ke sa mutum neman kujera. Ya juya wurin abokansa ya ce, "Kun ji ko? Duk shekarun da na yi a ofis, in na sa rana babu wanda ya taɓa ce min ba ta yi ba. Kowa 'yes sir'. Ashe ban da goɗiya babu mai gaya min gaskiya a garin nan." Ya ce a kai ta ɗakin da ke jikin na Sai Gobe, inda za su riƙa ganin juna ta saman katanga, ta zauna har ranar da ta ga dama.

Daga nan aka shiga zaman jira. Abokina kullum yana hanya tsakanin Karshi da Gwagwalada, wanda ya san hanyar ya san ba ƙaramin so ba ne. Ni kuma kullum ina waya kamar uwar amarya: "Yaya, ta kalle shi?" A ce ba ta kalle shi ba. "Ya yi magana?" A ce tun asuba yake haniniya, ita kuwa harawarta take ci. Mai kula da barga ya rantse min zakaran Kano da Kaduna har rama ya yi. Da ta motsa ƙafa sai ya matsa can ƙarshen ɗaki.

Wata ya zo ƙarshe, ranar tafiyar Sai Gobe ta matso, madam ko a jikinta. Na kasa cin abinci, abin da bai taɓa faruwa da ni ba ko a zazzaɓi. Na shirya sabon jawabi zan je in roƙi ƙarin kwanaki. Ina isa na tarar da Alhaji a waya da ƙaninsa na can gida, yana cewa, "A'a, kada ku turo motar tukuna. Akwai wani fayil da bai fito ba." Ya kashe waya ya harare ni. "In ka faɗa wa wani, sai na mayar maka da filin nan na ce na bogi ka sayar min."

Abin ya faru ne wata Laraba da hantsi, ranar da babu rumfa, babu suya, babu kowa. Alhaji na asibiti ana duba masa haƙori. Ni ina maƙale a cunkoson hanyar Kubwa, cikin bas, wata mata ta ɗora min buhun garinta a cinya. Waya ta yi ƙara, na ɗauka, abokina ya ce, "An yi."

Na ce, "An yi me? Yi min bayani dalla-dalla!"

Ya ce, "An yi," ya kashe.

Na yi wata kabbara da ta sa direba taka birki. Matar nan ta ce, "Oga, lafiya?" Na ce, "'Yata ce ta tare." Duk motar aka yi ta min barka, wani har da addu'ar zuri'a ɗayyiba. Na amsa da amin, domin addu'ar ta dace.

Cikin doki kusan shekara yake yi, kuma ga tsufa, don haka ba mu saki jiki ba. Abokina ya daina ɗora mata ko ƙullin doya. Shi yake ɗauka a kafaɗa, tana biye da shi tana taku kamar matar gwamna. Sai wata safiya da damina, an kwana ana ruwa, ya kira ni. Wannan karon ko "an yi" ɗin bai iya faɗa ba. Numfashinsa kawai nake ji. Na ce, "Mace ko namiji?" Da ƙyar ya ce, "Mace."

Muka yi suna, wallahi muka yi. Alhaji ya zo da kansa a matsayin dangin uba, da buhunan dusa da kanwa a bayan mota, ya zauna a kan benci ya ci sakwara da hannu. Duƙusar kuwa baƙa ce kamar ubanta, ƙafafu dogaye har ba ta san yadda za ta yi da su ba, tana tafiya tana harɗewa. Ana cikin hayaniya aka fito da mahaifiyar abokina, tsohuwa tukuf, ba ta gani sosai. Aka kai hannunta kan 'yar. Ta shafa ta tun daga kunne har gadon baya, ta yi wata magana da Gbagyi. Na ce wa abokina ya fassara min. Sai ya juya ya shige bayan rumbu. Sai daga baya ya gaya min cewa ta yi, wannan ce ta huɗu da ta shafa da hannunta a gidan nan, yanzu ko yaushe aka kira ta ta shirya.

Ni dai abin da na ɗauka a wannan lamari, in na ƙasa da kai ya ja maka riga a gaban babba, sunkuya ka ji. Mu 'yan Abuja mun iya "yes sir" har mun fara yi wa dabbobi alƙawari a madadinsu. Ban ce na daina zuba ba, kada ku sa rai. Amma yanzu in abokina ya ce "to", sai na tsaya na tambaye shi wace iri ce.

Duƙusar ta girma. Bara Alhaji ya matsa aka sa ta a wata ƙaramar sukuwa, mutanen ƙauyen abokina suka cika bas biyu da ganguna. Da aka gama muka ruga fili muka kewaye ta, mata na guɗa, ni ina kirari har murya ta dushe, abokina na tsaye yana dariya da dukkan haƙoransa. Mutumin da dokinsa ya ci kofi sai da ya aiko a tambaya ko an canza sakamako ne bai sani ba.

Har yau in aka tambaye ni ta nawa ta zo, cewa nake a tambayi waɗanda suka kalli na gaba. Mu tamu muke kallo.